Iyon Kwaɗo a Kan Mamari

Ranka ya daɗe, sunana Kaltume, daga Rafin Ɗinya, ƙauyen nan na bakin dam. Ban yi boko ba, allo ma iyakacina abin da zan yi salla da shi. Ramlat matar ɗana ce take rubuta wannan, kuma na gaya mata kada ta gyara min magana, kada ta zuba mata zuma. Ƙarar mutum biyu na kawo. Na farko Koci Jamil, wanda ya zo daga birni yana koya wa yaranmu iyo. Na biyu Sha'aban, Sarkin Ruwanmu. Ɗan ƙanin mahaifina ne, amma hakan bai hana ni ba. Shaidata tana ƙulle a bakin zanina: ƙugiya ce, ni na ciro ta da reza daga ƙafar jikana Khalilu.

Kada a ce ina iyayensa. Ubansa yana kudu yana sayar da albasa. Uwarsa ga ta nan riƙe da biro, ɗan fari ne, yanzu ma sai da na daka mata tsawa kafin ta yarda ta rubuta sunansa, balle ta tsaya gaban maza a kansa. Saura ni.

Bayan kaka Koci Jamil ya zo, da usur a wuya, da agogo a hannu. Wata ƙungiya ce ta turo shi. Ya ce duk shekara dam yana cin yara, gara a koya musu iyo na gaskiya. Wannan ban musa ba, na zauna makokin uku a unguwarmu kaɗai. Ya ce kuma in sun iya za a yi gwaji, a zaɓi huɗu a kai su gasa Kano, a sa su makaranta. Khalilu shekararsa goma sha shida. Tun ranar ba shi da wata magana sai wannan.

A garinmu akwai ƙa'ida. Duk wanda zai yi sabon abu a ruwa, ko kafa injin ban-ruwa ne, ko sauya wa shanu mashaya, sai ya kai wa Sarkin Ruwa goro. Ko ƙwaya biyu ce. Ba na aljannu ba ne, ba na tsafi ba ne. Sallama ce. Ka kai, ya tambaye ka ina za ka shiga, yaushe. Ya ce maka nan akwai abu, can babu. In da abin ɗagewa, ya aika yaransa su ɗage. Masunta ne kaɗai suka san abin da suka binne a ƙarƙashin ruwan nan.

Mai unguwa Sama'ilu ya tari Koci a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce, "Malam, sai ka kai wa Sarkin Ruwa goro, al'ada ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai yi masa bayani ba. Koci ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Baba, ruwa na Allah ne. Ni ba na kai wa aljannu goro. Irin wannan camfin ne ya bar mu a baya."

Samari suka yi kabbara. Sha'aban yana wurin, a sunkuye yana neman takalminsa. Ya sa takalmi, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya wuce.

Khalilu ne ya kawo min labarin yana dariya. Na ce baƙo ko da ido makaho ne, na yi shiru. Dalilin shiruna, a mashayar shanu suka fara, ruwa iya ƙirji, ba wanda yake kafa komai a wurin. Wannan laifina ne, kuma ni na ce a rubuta shi.

Fadamata ta albasa tana saman mashayar, don haka komai a kan idona aka yi. Iyon da ya kawo yana da suna na Turanci, yara suka sa masa iyon kwaɗo. Makon farko ko ruwa bai bar su sun taɓa ba. Ya kifa su rub da ciki a kan buhunan yashi, su ashirin, yana bin su yana kama ƙafa yana murɗa tafin waje kamar na agwagwa. "Lanƙwasa! Buɗe! Harba! Haɗe!" Daga nan ya ba kowa jarka ya riƙe a gaba, ƙafa kaɗai ke aiki. Sannan ya haɗa musu da hannu. "Ja, shaƙa, harba, miƙe!" In sun miƙe sai sun ƙirga uku kafin su sake motsi. Wata rana harbi biyu, ja ɗaya. Wanda ya yi gaggawa sai ya busa masa usur ya ce saurin yana cikin miƙewar nan, ba a cikin fafutuka ba. Gaskiya yaran sun sauya. Suna tafiya sumul, ruwa ko ƙara ba ya yi.

A gida Khalilu ya kwantar min da turmi, ya kifa cikinsa a kai yana harbin iska.

Na ce, "Maigida, da wannan za ka ciyar da ni?"

Ya ce, "Tsohuwa, bari dai in je Kano. Sakinki zan yi, in auro 'yar birni mai haƙora."

"Wa zai ɗauki kwaɗo? Sauka ka ba ni turmina."

Amma ina kallon ƙafafun nan, wani abu yana sukata. Mu iyonmu na gado bundum-bundum ne, ƙirji a sama, ƙafa na dukan saman ruwa. Nasa kuwa ƙafa nutsewa take yi, ta jawo, ta buɗe, ta share ƙarƙashi kamar mai shara. Ga shi in za su tashi sai sun nutse gaba ɗaya, su yi tafiya mai tsawo a ƙasa kafin kai ya ɓullo.

Ranka ya daɗe, wataƙila ba ka san mamari ba. Ni a cikinsa na tashi, domin mahaifina ne Sarkin Ruwa tun ana rafi, kafin a yi dam. Igiya ce doguwa, an jera mata ƙugiyoyi ɗaruruwa, tsakanin kowace da 'yar'uwarta bai wuce tafin hannu ba. Ba a sa musu abinci. Ana miƙe ta a ƙarƙashin ruwa kamar kamu biyu daga sama, duk abin da ya gifta ta kama. Tarwaɗa in ta ji ɗaya ta yi fizga, sai uku su ƙara shiga. Yaran garinmu sun shekara da shekaru suna wucewa ta samansa lafiya lau, saboda ƙafarsu ba ta kai can.

Da rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, mashaya ta koma taɓo. Ranar Litinin ta makon gwaji Koci ya kwashe yaran ya mai da su Gurbin Marke, inda ruwa ya fi zurfi. Ya ja igiya biyu masu robobin lemo daga busasshen marke zuwa dutse, ya ce tsakaninsu za a bi ranar Asabar. Duk wanda ya san ruwan nan ya san gurbin tarwaɗa ne.

A makon ne kuma ya fito da horon kara. Kowane yaro ya yanko karan dawa kamu ɗaya, ya riƙe shi da hannu biyu a baya, ya yi iyo da ƙafa kaɗai, kuma duk jawowa sai dunduniya ta taɓa karan. Don kada su yi masa wayo ya ce, "Duk wanda ya saki kara, na soke sunansa daga gwaji." In hannu yana baya, ƙafa ƙara nutsewa take yi. Wannan ko ni da ban je makaranta ba na gani.

Da yammar Litinin na ji an koma gurbin. Talata da hantsi na bar ban-ruwa na nufi wurin don in yi masa magana. Ina isa yana busa usur. Khalilu ne a gaba, kansa na ɗagowa yana komawa. Ya kai tsakiya sai ya tsaya cak, kamar akuyar da igiyarta ta ƙare. Kansa ya fito, ya shaƙi iska, ya nutse. Ya sake fitowa, baki buɗe, ba ihu. Hannuwansa suna baya. Yaran da ke gaɓa suna ta dariya, sun ɗauka wasa yake.

Na ƙwalla, "Saki karan! Saki, don ubanka!"

Na uku bai fito ba.

Koci ya faɗa ruwa da rigarsa da agogonsa. Wannan ba zan ɓoye masa ba, ya yi. Ya nutsa, ya daɗe, ya fito da shi riƙe ta haɓa, na ga sai da ya fizge shi da ƙarfi kafin ya taho. Aka shimfiɗa shi a gaɓa. Karan yana hannunsa, sai da aka ɓamɓare yatsun. Ya amayar da ruwa, ya buɗe ido, abin da ya fara cewa shi ne, "Koci, ban saki ba."

Koci ya dafa kansa ya ce, "Jijiya ce ta ɗaure masa. Yana faruwa ga kowa."

Ƙafafun duk taɓo ne, kuma yaron ya yi maza ya zura dogon wando. Sai a gida na ga jini a tabarma. Na ce ɗaga wandon. Ya ƙi. Na ɗaga da kaina. Ƙugiya ce a bayan idon sawu, ta shige har gindi, da guntun zare a jikinta. Na dubi ƙullin zaren. Ƙullin mahaifina ne, mutum biyu ya koya wa: ni da Sha'aban.

Na tsaga da reza na cire, na wanke da ruwan gishiri, na kai shi kemis aka yi masa allura. A hanyar dawowa ya roƙe ni.

"Iya, don Allah kada ki faɗa. Kada a cire ni."

Iya ya ce, ba tsohuwa ba.

Laraba na sami Koci a makarantar firamare inda aka sauke shi, yana rubuce-rubuce. Na kwance bakin zani na ajiye masa ƙugiyar a kan takarda.

"Ga jijiyarka."

Ya juya ta da biro. "Inna, a taɓon gaɓa ya taka ta. Ana samun irinsu."

"A bayan ƙafa ake taka abu? Akwai mamari a gurbin nan."

"Na zagaya gurbin da kwalekwale kafin in ja igiya. Babu alama ko ɗaya a saman ruwa, ba gora, ba roba."

"Sha'aban ba ya sa alama, saboda ɓarayin kifi. A kututturen da ke ƙasa yake ɗaurewa. Alamarsa tana kansa. Shi ya sa ake kai masa goro, kai ɗan nan, ba don aljannu ba."

Na ga maganar ta shige shi. Sai kuma ya gyara zama.

"In da gaske akwai abu a ciki, shi ya kamata ya zo ya gaya min. Rayukan yara ne."

"Kai za ka je."

"Inna, na yi magana a gaban jama'a. Ba zan kai goro ba."

Na ce to ga rauni a ƙafar yaro, ya cire shi daga gwajin. Ya aika aka kira Khalilu, ya duba, ya ce ƙaramin ciwo ne, tunda an yi allura zai iya shiga. Ya ce shi ne gwaninsa, in ba shi ba wa zai nuna wa baƙi? Khalilu ya harare ni ya fita.

Alhamis na tafi wurin Sha'aban. Na same shi a gindin ɗinya yana ɗinkin kalli, ragarsa ta kamun kifi.

"Yaya, sannu da zuwa. Yau a gidanmu?"

Na ɗora masa ƙugiyar a gwiwa. "Ƙullin wa ne?"

"Ƙugiya ai duk ɗaya ce."

"Ƙullin na tambaya."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Ba a tambaye ni ba."

"Sha'aban, a ƙafar Khalilu na ciro ta. Jininka ne."

"Yaro ya tsaya a ƙofar masallaci ya mai da ni mai bautar aljannu, a gaban 'ya'yana. Furfurata ta fi shekarunsa yawa. Ya ce ruwa na Allah ne. To ya tambayi mai ruwan."

"Ka je ka ɗage kayanka, ba sai kowa ya sani ba."

"In na ɗage ba a tambaye ni ba, gobe mai inji ma ba zai tambaya ba. Ki hana jikanki shiga."

"Sauran sha taran fa?"

"Suna da iyaye."

"To ni na tambaye ka. Ina da ina ka kafa?"

Ya mai da kai kan ɗinkinsa. "Ke ba ke za ki shiga ba, Yaya."

Na gaya masa abin da na gaya masa. Ramlat ta ce ba za ta rubuta ba, na bar mata wannan ɗaya. Amma na ce masa da Baba zai tashi ya ga wanda ya bar wa ruwa, da ya tsine wa ranar da ya koya masa ƙulli.

Juma'a na je wa mai unguwa. Ya ce, "Inna Kaltume, a yi haƙuri. An riga an kafa rumfa, manyan baƙi na zuwa daga Kano. Bayan Asabar za mu zauna." Na ce bayan Asabar zaman makoki za ku yi. Ya ce in yi wa bakina linzami. Na bi gidaje huɗu na iyayen yaran. Ɗaya ta ce in jikana ya ji tsoro in riƙe shi a ɗaki, kada in toshe wa 'ya'yan wasu hanya.

Na dawo na ce wa Khalilu ba zai shiga ba. Ya miƙo min waya, ubansa ne daga kudu. "Iya, ki bar yaro ya gwada sa'arsa. Malamin nan ya san aikinsa." Ina riƙe da wayar ina kallon Khalilu yana naɗe ƙafar da leda, yana ɗaurewa da robar tayar keke, yana gwada ko ruwa zai shiga. Uwarsa tana tsaye a bakin madafi, tana ta tuƙi da muciya.

Goran mahaifina yana rataye a rumbu tun rasuwarsa. Babban gora ne irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su ratsa ruwa. Na sauko da shi, na karkaɗe gidan zanzaro, na liƙe tsagar da ke gefe da kwalta. Na ɗauko sandar da muke zungurar mangwaro, mai lanƙwasasshen ƙarfe a baki. Na sayi goro biyu na ƙulle tare da ƙugiyar.

Asabar da hantsi bakin Gurbin Marke ya cika. Ga rumfa, ga kujerun roba, ga lasifika, ga baƙi da fararen kaya. Ana ta jawabi. Yaran ashirin sun jeru a kan gaɓa da gajerun wanduna, Khalilu na biyu a layi, da ledarsa a ƙafa. Can gefe a gindin wata ƙirya, Sha'aban ne zaune da mutanensa. Ba a gayyace su ba, sun zo kallo.

Na zura tsohon wandon ɗana a ƙarƙashin zani, na ɗaure ƙugu tamau, na bi ta bayan kacalla inda ba mai ganina. Rabona da shiga ruwa ya fi shekara talatin. Sanyinsa ya soke ni har ƙashi. Na kifa ciki a kan gora, na naɗe ƙafafuna sama, na tura da hannu. Jiki bai manta ba. Na ratsa ta ƙarƙashin igiyar robobi na shiga tsakiyar hanyar da aka ja wa yaran.

Mai lasifika ne ya fara ganina. "Jama'a, wace ce wannan? A fitar mana da tsohuwar nan!" Aka tuntsire da dariya. Wani ya ce ga ta ɗaya a gasa. Wata ta ce Kaltume ta haukace. Na ji muryar Khalilu, "Iya! Ki fito, kina kunyata ni!"

Ban kula kowa ba. Na kai daidai inda na ga ya tsaya ranar Talata. Na juya goran na fuskanci ƙirya. Na dubi Sha'aban, shi ma ni yake kallo. Ranar Alhamis ya ce ba ni zan shiga ba. To ga ni. Na warware ƙafata ta dama na fara sauke ta cikin ruwa a hankali, idona a kansa. Idon sawu ya shiga. Ƙwauri ya shiga. Gwiwa ta kusa.

Ya miƙe zumbur har hularsa ta faɗi.

"Yaya! Ɗaga ƙafarki! Yana nan gabanki! Ɗaga, don Allah!"

Muryar masunci ce, wadda ta saba ƙetare ruwa. Ba wanda bai ji ba. Lasifika ta yi tsit.

Na janye ƙafa. Na zura sandar, na laluba, na ji ta ci karo da abu mai tsauri kamar tsirkiya. Na ja da hannu biyu. Ya taso a hankali, ya ɓullo. Ƙugiyoyi a jere, hagu da dama, da gansakuka a jikinsu, har inda igiyar ta koma ruwa. Ga wata ƙatuwar tarwaɗa rataye, ta mutu ta kumbura, ƙugiya biyar a jikinta. Goran ya juya da ni, biyu suka shige min dantse. Ban saki ba. Na ɗaga mamarin sama iya ƙarfina, na juya wajen rumfa don masu fararen kaya su gani da kyau.

Mutanen Sha'aban ne suka zo da kwalekwale suka yanke zaren, suka fito da ni. Ina tsaye a gaɓa, ruwa da jini na zuba, sai babban baƙon ya ce, "To alhamdu lillahi, an ga matsalar. A cire igiyar a ci gaba, rana na yi."

Na ce, "Alhaji, da ganinka ba ka taɓa cin tarwaɗar da ka kama ba. Mamari ba a kafa shi tilo."

Koci yana tsaye, usur a hannu, fuskarsa ta yi fari fat. Yana kallon ƙugiyoyin, yana kallon yaran. Na kwance bakin zani, na kama hannunsa, na danƙa masa goron nan biyu.

"Ga shi can. Ƙafa gare ka."

Ya tafi. Duk garin na kallo ya ratsa har gindin ƙirya, ya tsuguna, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, nawa ne a ciki?"

Sha'aban ya karɓa. Bai dubi kowa ba. "Uku ne a gurbin nan. Wanda Yaya ta ɗaga, da ɗaya kusa da dutse, da ɗaya a gindin marke, daidai inda za su yi tsalle su nutsa." Sannan ya ƙara. "Akwai na huɗu. Ya tsinke da ruwan marka. Na neme shi ban samu ba. Ban san inda ya kwanta ba."

Ba a yi gwaji ba. Baƙi suka shiga motocinsu tun kafin a naɗe rumfa. Khalilu bai shiga ruwa ba ranar, shi da sauran sha taran, kuma abin da na fita nema ke nan.

Sai dai maganar ba ta ƙare ba, shi ya sa na zo gare ka. Sha'aban ya ɗage uku, ya ce na huɗu sai yadda Allah ya yi. Koci Jamil ya haɗa jakarsa washegari, ya ce wa yaran su ci gaba da horo, zai dawo da baƙin in an sa wata rana. Ya tafi da usur ɗinsa, ya bar musu kara. Mai unguwa ya ce an gama, kowa ya yafe wa kowa. A bakin rijiya kuwa cewa ake ni na kori arzikin gari. Su faɗa. Girman kan maza biyu ne ya kusa cinye yara ashirin, amma tsohuwa ake zagi.

Abu biyu nake nema, ba na neman na uku. A sa Sha'aban ya kwashi mutanensa da kwalekwalensu su share gurbin nan kaf, daga marke har dutse har bayan kacalla, sai sun fito da na huɗun, kuma a kan idona, don na san tsawon mamari, ba za a nuna min guntu a ce shi ke nan ba. Sannan a dawo da Koci Jamil ƙofar masallacin da ya yi maganarsa ta farko, a tara masa yaran, ya janye da bakinsa cewa wanda ya saki kara an soke shi. Ya gaya musu in abu ya riƙe ka a ruwa ka saki duk abin da ke hannunka. Ni na faɗa, liman ya faɗa, ba sa ji. Shi kaɗai suke ji.

A hanzarta, ranka ya daɗe. Da azahar in manya sun shiga inuwa, yaran suna sulalewa gurbin su kaɗai, ba koci, ba mai tsamo su. Ina zuwa in zauna a kan dutse da sandata in kore su, amma ni ɗaya ce, ga dantse ya kumbura, ga albasa na bushewa.

Khalilu tun ranar bai ce min tsohuwa ba, bai ce min Iya ba. Ya ci tuwo ya tashi. Karansa na ranar Talata na sa shi a murhu na ƙone. Amma kara a garinmu, kowace danga kara ce. Yau da safe da zan fito na ga giɓi a dangar gidana, an yanke ɗaya da wuƙa, kamu ɗaya daidai.

Ramlat, rufe takardar haka. Rana ta kusa tsakiya, miƙo min sandata.